Marken da Baba Shitu Ya Rataya Mini

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta na 1997, ina gonar gyaɗata a Beli ta ƙasar Rogo, hadari ya haɗo daga gabas amma ya ƙi zubowa, sai Lado mai babur ya tsaya a bakin hanya bai ko kashe inji ba, ya ce: "Malam Lukumanu, sai haƙuri. Baba Shitu kafinta na Karaye ya cika da hantsin nan." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, fartanya tana hannuna na rasa inda zan ajiye ta. Kafin mu ƙetare rafin da ya cika mu isa Karaye, mutane har sun dawo daga maƙabarta. Ko sallarka ban samu ba, Baba.

Na daɗe ina juya wannan takarda, domin kowa ya zo gaisuwa da labarin alherinka a bakinsa, ni kuwa nawa labarin da kunya a cikinsa. Wani mutumin Kurugu ya faɗi yadda notin garmar shanunsa ya karye ana tsakiyar huɗa, ka hau keke ka bi shi har gona, ka zauna a kan kunya ka goga masa wani da magagari. Matan unguwa sun aiko cewa babu turmin da ya tsage a layin nan da bai sha ɗaurinka ba. Duk gaskiya ne. Ni na san ka ne ta dalilin sandar wasa, abin da dattawa da yawa ba za su ko ɗaga ido su kalla ba.

Ga wanda bai san wurin ba: shagon Baba Shitu a zauren gidansa yake, kuma bango ɗaya ne ya raba gidan da rumfar Jibo, inda teburin sunuka ɗaya tilo na yankinmu yake tun lokacin da masu aikin dam suka tashi suka bar shi. Kai ba ka taɓa buga sunuka ba, wasan nan na zungurar ƙwallaye da sanda a kan tebur. Ka ce mini ba ka ma san abin da ake nema a kan koren ƙyallen nan ba. Amma shekara da shekaru kana jin ƙarar ƙwallayen ta bango, kana taka injin lailayar icen da ka haɗa da ƙafar tsohon keken ɗinki.

Sandar ta yayana ce, Hammawa, direban tifa. Irin mai rabi biyu ce: gindi mai nauyi da tsini mai siriri, ana haɗa su a tsakiya da ƙusar tagulla mai haƙora wadda ake murɗawa cikin ramin da ke jikin tsinin. Da zazzaɓi ya ɗauke Hammawa a 1991, ita kaɗai na ce a bar mini. Gindin har ya yi baƙi a daidai inda tafinsa yake kamawa. Shekara tana zagayowa na jingine ta a jikin zana a gidanmu, wata saniyar babanmu, Allah Ya shirye ta, ta bi ta kan tsinin ta raba shi biyu. Wallahi ranar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na zo maka da gindin da wasu tsinaye uku da na aro a wurin Jibo, na ce ka duba wanda zai shiga. Ka karɓa ka juya, ka ɗora farcen babban yatsanka a kan ƙusar, ka lumshe ido kana ƙirgawa, leɓenka yana motsi. Sannan ka ce:

"Malam, taka haƙori sha huɗu ne a inci. Waɗannan biyu sha takwas ne, wancan kuma goma. A ido kauri ɗaya ne, amma ba su san juna ba. Za su shiga murɗi biyu su cije. In ka matsa musu, tagulla ce za ta sha wuya."

Na ce to yaya za a yi? Ka ce sai dai a yi mata nata. Ka shiga cikin gida ka fito da kakin zuma, ka murza shi ya yi laushi, ka danna ƙusar a ciki a hankali ka zare. Haƙoran suka fito reras a jikin kakin. Ka ce in tafi da gindina, kai wannan ya ishe ka. A cikin gwangwanin madara ka saka shi, ka ba Goggo Saude, mai ɗakinka, ta tura ƙarƙashin randa inda zafi ba zai narka shi ba.

Da kanka ka je Zoza ka saro reshen marke miƙaƙƙe. Ka rataye shi a azarar shago, ka ɗaura masa dutse a ƙasa don ya bushe a miƙe. Ka ce damina uku zai yi, kowace kaka za ka sauke shi ka ɗan rage masa jiki ka mayar, domin ice ko an sare shi bai daina motsi ba.

Waɗannan shekaru ukun, yanzu idan na tuna su sai in ga kamar a mafarki na yi su. Duk Asabar da la'asar nakan zo daga Rogo in zauna a kan bencinka. Hasken rana yana shigowa ta ƙofa, garin katako yana yawo a cikinsa, marken yana lilo a sama kaɗan-kaɗan ko babu iska. Ƙanshin ice da man gyaɗa, ƙarar ƙafar keke, can bayan bango ƙwallaye suna karo. Nakan jingina da bango gyangyaɗi ya ɗebe ni, in ga Hammawa ya sunkuya a kan tebur yana goga wa kan sandarsa alli, teburin ya yi ta faɗi har ya koma fadamar shinkafa ta bakin dam, shi kuma yana ta takawa a ciki da sandarsa a kafaɗa bai waiwayo ba. In na farka sai in tarar ka rufa mini buhu a ƙafa saboda sauro, kana ta aikinka. Wani lokaci kakan tsaya ka karkata kai wajen bango ka ce, "Wannan sandar Sulle ce, kanta ya kwance." In na leƙa rumfar na duba sandar Sulle, ɗaya daga cikin masu wasan, haka ɗin ne. Na ɗauka wasan dattijo ne kawai.

Damina ta uku ta wuce, na zo da gindin a hannu, zuciyata fal. Ka sauko da marken, ka kai shi saitin ido, ka mirgina shi a kan benci, ka ce bai gama ba, a ƙara masa ɗaya. Ni kuwa kowa ya san ni da saurin fushi, a gidanmu ma garwashi suke ce mini. Na miƙe na ce: "Baba, in ba za ka iya ba, ai sai ka faɗa mini tun farko." A gaban mutane na faɗa. Ka hau benci ka mayar da icen, ka gyara ɗaurin dutsen. Kaico! Da ƙasa ta tsage a lokacin na shige, da ya fi mini.

Sati bai cika ba na hau mota zuwa Kano, na sayo tsini mai sheƙi a kasuwa. Na murɗa, ya shiga biyu ya cije, kamar yadda ka faɗa. Na san abin da ke nan, ba jahilci ba ne, taurin kai ne. Na naɗe shi da tsumma na kama da filaya na murɗa da ƙarfin tsiya, har na ji abu ya saki. Da na zare, garin tagulla ya zubo mini a tafi. Haƙoran da hannun Hammawa ya murɗa sau dubu sun shafe, ƙusar ta koma sumul.

Duk da haka na naɗa mata zare na cusa, na zaɓi ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da na san shagonka a rufe yake, na shiga rumfar Jibo. Bugu ɗaya na yi. Sandar ta yi wata ƙara kamar an taka fasasshiyar ƙwarya. Na kwance ta na sa a buhu na fita ta baya. Daga ranar, kusan shekara biyu, ban sake bin layinku ba. In na shigo Karaye sai in zagaya ta bayan kasuwa. Sau biyu na hango ka a masallaci na canja sahu. Kullum ina cewa sai na sami bakin da zan faɗa maka, kullum ina ɗagawa zuwa wata Asabar. Abin da na yi ta tambayar kaina a kan babur ɗin Lado shi ne: ka tafi da maganar nan tawa a ranka, ko ka sauke ta?

Ranar sadakar uku, Goggo Saude ta aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, tana daga bayan labule. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri, ta ce haƙuri sai ma'abocinsa, wato Allah. Sai ta turo wani dogon abu naɗe da tsohon rawaninka. Tsinin ne. Marken ya yi santsi, ya yi launin zuma, miƙaƙƙe sak, an dasa masa ramin tagulla a gindi. Ta ce tun kakar bara ka gama shi. Na riƙe shi hawaye yana zuba, na ce: "Goggo, ba zai shiga ba. Na lalata ƙusar tun tuni, Baba bai sani ba."

Sai ta ce: "Lukumanu ɗana, kwance bakin rawanin."

A ƙulle a gefen akwai sabuwar ƙusar tagulla, an goge haƙoranta ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Ta ce: "Wata Juma'a yana kishingiɗe a tsakar gida, aka yi bugu ɗaya a rumfar Jibo. Ya tashi zaune ya ce, 'Sandar Hammawa ce, Malam ya cinye haƙorin.' Washegari ya ce in ciro masa gwangwanin nan na ƙarƙashin randa. Ya ce bai riƙe ka da komai ba. Abin da ya dame shi, ka daina zuwa ka yi barcinka a benci. Duk Asabar sai ya share shi."

Ban san yadda na fito daga gidan ba.

Bayan addu'ar arba'in, babban ɗanka Mijinyawa, wanda ya gaji shagon, ya zare tsohuwar ƙusar ya dasa taka. Na ɗauki gindin Hammawa a dama, markenka a hagu, na murɗa. Ya tafi sulul, babu cijewa, babu ƙara, har baki ya haɗu da baki ba ka ganin tsaga. Da la'asar na shiga rumfar Jibo, na roƙi mutane su ɗan yi shiru. Na goga alli, na sunkuya, na yi bugu ɗaya. Ƙwal! Tsaf, kamar yadda take yi a hannun yayana. Na tsaya a sunkuye, kunnena yana wajen bango, ina jira. Babu ƙarar ƙafar keke, babu gyaran murya. Na daɗe a haka har Jibo ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, tashi haka nan."

Ya Allah, ga bawanka Shitu ya zo maka. Bai taɓa tilasta wa ƙarfe ko ice ko mutum abin da ba zai ɗauka ba, Ka sauƙaƙa masa tambaya, Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya makwancinsa. Yadda ya yafe mini tun ban roƙa ba, Ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, Ka haɗa shi da Hammawa da iyayenmu a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo Saude, da Mijinyawa, da ƙanwarsa Tasalla da ke aure a Kurugu, da jikoki, da dukan mutanen Karaye da Rogo da suka taɓa kawo maka abin da ya karye. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa mu cika da imani.

Na roƙi Mijinyawa kada ya ɗauke bencin. Asabar mai zuwa da la'asar ina nan tafe, Baba, ni zan share shi.

Lukumanu Beli