Akwatin Ɗumamen Baba Mlotshwa

A unguwar Mpopoma babu wanda bai san Baba Mlotshwa ba, tsohon nan da sai ya goge takalmi kafin ya fita sayen burodi. Ƙarfinsa duk a ɗakin sigina na jirgin ƙasa ya ƙare, yana jan ƙarafa yana danna maɓallai, kuma har ya yi ritaya jirgi bai taɓa hawa layin da ba nasa ba a hannunsa. Wannan tarihi ko ba ka tambaya ba sai ka ji shi. Taurin kai gare shi, ba ƙarya, amma taurin kan nan ne ya riƙe shi bayan rasuwar matarsa.

'Yarsa Senzeni, ma'aikaciyar jinya, ta so ta kwashe shi zuwa gidanta can ɗaya gefen Bulawayo. Ya ce shi da gidan nan sai dai gawa. Da ta ga ba ci, suka yi sulhu: duk Lahadi bayan coci ta kawo tuwon masara da miyar ganye a robobi ta jera a firji. Ta ɗauke rishonsa saboda hayaƙin yana tayar masa da tari, ta sayo maikurowef, shi kuwa ya raɗa masa suna akwatin ɗumame. Sharaɗi ɗaya ta gindaya:

"Baba, ran da ka kasa ɗumama abincinka da kanka, ran nan za ka haɗa kaya."

Ya yarda, don a ganinsa ranar ba za ta taɓa zuwa ba.

Ana tsakiyar watan Yuni, lokacin sanyi a ƙasarsu, wata safiya ya saka robarsa ya danna biyu, sai biyar ta fito. Ya danna na tsayarwa, akwatin ya yi ƙara, harafin E ya bayyana yana ƙyaftawa. Ya sake, aka sake masa.

Da wani ne cewa zai yi na'ura ta lalace, shi ke nan. Shi kuwa yatsansa ya tsaya kallo. Haka yayansa marigayi ya fara: ya tsaya gaban rediyon da ya shekara ashirin yana kunnawa, yana rantsuwa an canza masa shi, kafin shekara ta zagayo ya daina gane matarsa. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe. Wa ya sani ko biyar ɗin ya danna yana zaton biyu ce? Tsoro ya kama tsohon nan, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ɗakin sigina.

Sai ya kama bakinsa. Ya riƙa cusa tuwo mai sanyi yana kora shi da shayi, ya wanke robobin tas don kada Senzeni ta ga alama. Kullum sai ya sake gwadawa, kullum E ɗin nan ta yi masa gwalo.

Ran Asabar sai ga maƙwabciyarsa MaNyathi mai kitso, da kwano a hannu, ba ko sallamar kirki.

"Baba, gas ɗina ya ƙare, jikana kuwa ya cika min kunne. Bari in ɗumama masa kunu a akwatin nan naka."

"Ai... yana hutawa."

"Hutawa? Noma ya yi? Matsa mini, Baba, na bar wata mata da rabin kai a tsefe."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya matsa, ya jingina da ƙofa. Ta saka kwano ta danna biyu. Biyar ta fito. Ta danna, ta ƙara dannawa, ƙara ta tashi, E ta fito.

"Kai! Wannan wane irin ɗan banzan akwati ne? Ni zai raina wa hankali?"

Baba Mlotshwa ya fashe da dariya, har da riƙe ciki, har hawaye. MaNyathi ta saki baki.

"Lafiya, Baba? Kayanka ya lalace kana murna?"

"Sake dannawa, 'yata, don Allah sake dannawa in gani!"

Ta danna, ya ƙi. Nan take tsohon ma'aikacin sigina ya dawo cikin rigarsa. Ya zare filogi daga bango, ya ce a bar shi ya huce. Ya saka tabarau ya bi fuskar maɓallan da yatsa, ya ji gefen ledar da ke kansu ya ɗan ɗago, ga danshi a ƙarƙashi. Ya waiwaya, ga butar shayinsa ta lantarki zaune daf da akwatin, bakinta ya saiti maɓallan. Tun shigowar sanyi ya ɗauko ta daga bakin taga ya ajiye nan, kuma shi mutum ne da ba ya rabuwa da shayi. Tururi ne ya yi ta shiga.

"Ɗauko min abin busar da gashin nan naki," in ji shi. "Kuma daga nesa za ki riƙe, kada ki gasa min shi kamar yadda kike gasa kan mutane."

"Ka ji tsoho da baki! Mai taimakonka kake zagi?"

Suka busa, suka jira, ya mayar da butar bakin taga. Da ya jona filogi bai bari ta taɓa ba. Shi ya danna biyu, biyu ta fito. Fitila ta kama, kwanon kunu ya shiga juyawa. Ya ja kujera ya zauna yana kallo, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

MaNyathi ta buɗe firji za ta ɗauko masa tasa robar, sai ta ga wata a gefe da cokali a ciki, an ci rabi, miyar ta daskare. Ta juyo a hankali.

"Baba, tun yaushe kake cin abinci da sanyi? Katanga ɗaya ce fa tsakaninmu. Me ya hana ka kira ni?"

Ya cire tabarau, ya ce:

"Tsoro nake ji, 'yata, kada ki zo ki danna ya yi miki aiki."

Ta ciro kwanon jikanta, ta saka robarsa, ta ja da baya ta bar masa maɓallan.