Takardar hutun da patron ya ƙi karɓa

Likita ta gama duba bayana, ta rubuta takarda, ta buga hatimi.

"Hutun kwana goma. Ko bokiti kar ka ɗauka. Ka kai wa patron ɗinka, mai gidanka na wurin aiki."

Na ce, "Madam, ai ga patron ɗin zaune gabanki."

Shekara biyu ke nan da na bar aikin lebura a shantiye, wurin gini, na sayi baro, ina dakon siminti a unguwar Tahaggart, ina cika baki babu mai ba ni oda.

Sani ɗan garinmu da ya tsaya a sharika, kamfanin ginin, da ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa, mako guda ya yi kwance, abinci na iske shi.

Ni kuwa na kai wa patron takardar. Ya karanta, ya leƙa tukunya, ya ce gobe ƙarfe shida. Ban taɓa ganin azzalumi irinsa ba, ga shi ba halin gudu, tabarma ɗaya muke kwana.

Takardar dai na cusa ta cikin ɗamarar da ke riƙe bayan, ko hatimin zai yi aiki.

Ku masu aikin kanku, wa kuke kai wa ƙara?