Zuwa Gwaram Ƙwato Bawan Jauro

Ana kiran assalatu na tayar da Fijona a Kano, Jauro Buba na kujerar gaba ya rungume sandarsa kamar za a ƙwace. Shekarar ce da kuɗin mai ya fara ja da baya, sai manya suka gano ashe baƙi ne ke cinye mana tuwo, aka ce duk marar takarda ya tattara komatsansa. Ni kuwa lauya ne sabon shiga, kullum ina cika baki a jarida kan haƙƙin 'yan gudun hijira, alhali ko mutum ɗaya ban taɓa ƙwatowa ba.

Aminin Jauro ne, Malam Modu, Babarbare mai sayar da banda a Maruta, ke tsare a Gwaram, kuma motar da za ta kwashe su zuwa iyaka za ta tashi bayan la'asar. Wanda ya sa aka kama shi kuwa ga shi nan kusa da ni yana jan carbi.

Wudil

A bakin gada muka tarar da shinge. Mai kaki ya leƙo, ya ga baƙar rigar lauyoyi a kujerar baya, ya sara mini da ladabi, sannan ya nemi na goro. Muka sha koko da ƙosai na kwabo ashirin, na ce wa Jauro ya warware mini zance.

"Lauya, kai ma ka san wasan Fulani da Barebari. Tun gemuna yana baƙi in na ga Modu sai na ce ga bawana, shi kuma ya ce ga ɓarawon shanu. Ranar kasuwa sai ga wani jami'in shige da fice yana tambaya ko akwai baƙi. Na nuna Modu na ce ga wanda na sayo daga Chadi, a ɗauke shi in huta. Kasuwa ta kwashe da dariya, har shi Modun."

"Jami'in fa?"

"Biro ya ciro."

Birnin Kudu

Mun iso da hantsi, muka shiga layin mai. Ƙasar da ke sayar wa duniya mai, ga mu muna tura mota kamar amalanke. Ina zufa ina tsara yadda zan rantse Modu haifaffen Maruta ne, sai na ce bari dai in tambaya.

"Baba, tsakaninka da Allah, ina aka haife shi?"

Jauro ya ce, "Chadi. Yaƙi ya ƙone garinsu, ya zo da matarsa da tabarma ɗaya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Wato duk ƙaryar da ke cikin duniya ba ta ishe ka wasa ba, sai ka ɗauko gaskiya." Muka sha mai, muka kama hanya.

Gwaram

Hanyar nan an ce an ba da kwangilarta, amma ramukan ba su sami labari ba. Sai da azahar muka shiga gari. Ga motar a fake, ga mutane zube a gindin bishiyar maina da ƙunshin kayansu, Modu na cikinsu.

Jami'in saurayi ne daga nesa, bai taɓa jin ana zagin mutum don ƙauna ba. Ba mugu ba ne, an dai ce masa ya cika mota, kuma ya ɗauki abin ibada. Na zura baƙar rigata cikin wannan rana, na zuba masa Turanci, na ce wanda ya gudo daga wuta ba a mayar da shi cikinta, kuma ƙasar nan ta sa hannu a kan haka. Ya ce ya ji, amma dattijon nan ya shaida a gaban jama'a cewa sayo Modu ya yi. Sai ya warware da bakinsa, ya kuma tsaya masa.

Jauro ya ajiye sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Ƙarya na yi, Modu ba bawana ba ne. Da ƙuna a bayansa ya zo, ni na ba shi bukka. Shi ya sa mahaifina a kabari. In za a kai shi, a haɗa da ni."

Modu ya ɗago kai daga gindin maina ya ce, "Ranka ya daɗe, rubuta da kyau, yau Bafulatani ya amsa ƙarya." Ba wanda ya yi dariya, don hawaye ke bin gemun Jauro.

Aka sake shi. Ana sallame la'asar mota ta tashi da sauran, waɗanda ba su da lauya, ba su da mai yi musu kuka. Na tsaya cikin rigata ina kallo, kunya ta ishe ni.

Maruta

Gidan Modu muka kwana, aka cika mu da tuwon dawa da miyar kuka, banda har ta fi miyar yawa. Modu ya tura kwano gaban Jauro ya ce, "Ci, ɓarawon shanu, na san ba ka saba ba." Jauro ya ce, "Na gode, Malam Modu." Ya sake tsokanarsa, amsar dai ita ce.

Da safe Modu ya rako ni mota da ƙunshin banda, ya riƙe ƙofa.

"Lauya, Allah ya saka, ka ƙwato ni. Amma tun jiya mutumin nan Malam yake ce mini. Duk zaman da na yi a garin nan, sai yau na ji ni baƙo ne."

Na iso Kano da magariba lafiya, godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da mutanen Maruta da suka ciyar da ni. Daga wannan tafiya na kama aikin baƙi gadan-gadan har furfura ta cim mini, na ci shari'u, wasu sun kayar da ni. Ƙarar Modu ta biyu ce har yau ban san kotun da ake kai ta ba.