Mang Sahak, Mai Auna Bakin Kogin Musi

Da an sallame sallar asuba a Sungsang, ƙauyen masunta da ke inda kogin Musi ya shiga teku, Mang Sahak yakan sauko daga gidansa na kan turaku da igiya a kafaɗa, dunƙulen darma na reto a bakinta. Matarsa Bik Romlah ta riga shi shiga kwale-kwale, ita ke tuƙi. Sukan fara da fitilu uku na bakin kogi. Ya hau tsani ya kashe su, ya goge gishiri da kashin tsuntsaye daga gilashi, ya cika kananzir. Daga nan sai awo. Yana jefa darma yana ƙirga zurfi da gaba, wato tsawon buɗe hannu biyu, inda yashi ya taso sai ya tumɓuke turken alama ya kafa shi inda ruwa ke da zurfi. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin idanunsa sun fara gazawa.

Duk jirgin hayaƙin da ya shiga birnin Palembang da kaya ko ya fito da roba da gahawa, tsakanin turakunsa ya bi. Ban taɓa jin matuƙi ɗaya ya tambayi sunansa ba.

Masunta sun shaida ranar da ya nutsa sau bakwai ya kwance sarƙar da ta naɗe wani kututture a tsakiyar hanya, alhali kowa ya san akwai kadoji a wurin. Da ya fito Bik Romlah ta ce masa kadojin ma sun duba sun ga ba nama a jikinsa. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na shekarar babbar ambaliya.

A shekarar, ruwa ya kwaso yashi ya jibge a tsakiyar hanyar jirage. Inda taswira ta ce gaba shida, Mang Sahak ya auna ya samu uku da rabi. Ya je ya gaya wa sabon Baturen da aka ɗora a kan ma'aikatan kogin, wani saurayi ɗan Holan. Baturen ya ce injiniyoyi ne suka zana taswirar, kuma kada a taɓa turke ko ɗaya sai takarda ta zo daga sama. Takardar takan ɗauki wata guda. Jirgin da ke dawo da alhazai kuwa saura kwana biyu ya iso, da mutum sama da ɗari huɗu. Mahaifiyata na cikinsu.

Bik Romlah ta ba ni labarin yadda suka yi a hanyar gida. Da suka kusa gaɓa sai ya ce in ya taɓa turakun korarsa za a yi.

Ta ce, "To tsoho, in an kore ka kifi ya ƙare a kogin ne? Juya mu koma."

Wuni biyu suna aiki su biyu, suka matsar da turke goma sha ɗaya zuwa gabas.

Jirgin ya iso da hantsi, ruwan teku ya cika. Kyaftin ya ga alamu sun saɓa wa taswirarsa, sai ya tsaya. Mang Sahak ya matsa da kwale-kwale, aka sauke masa tsani. Waɗanda ke kan jirgin sun ce bai yi dogon bayani ba.

Ya ce wa kyaftin, "Yallaɓai, kada ka yarda da ni, kada ka yarda da takarda. Ba ni mutum ɗaya naka, ya jefa darmar da hannunsa."

Aka saukar da mataimakin kyaftin. Ya jefa a tsohuwar hanya, ya jawo ya ga gaba uku da rabi, ya sake jefawa, ya ɗaga kai ya yi wa maigidansa magana da harshensu. Jirgin ya bi sababbin turaku a hankali ya wuce. Alhazai na ta ɗaga wa 'yan uwa hannu, mafi yawansu ba su ma san an tsaya don wani abu ba.

An dakatar da shi wata guda saboda saɓa umarni. A cikin watan ma kullum sai ya fita awo, wai kogi bai san an dakatar da shi ba. Da sabuwar taswira ta fito, layinta ya bi turakunsa ɗaya bayan ɗaya. Na gan ta da idona, babu sunansa.

Mang Sahak, angon Romlah, kai ne ka dawo mini da uwata har ta ga jikokinta. Kai ne ka zaɓi a hukunta ka da ka tsaya a gaɓa kana kallon jirgi ya kafe. Mun gode. Bik Romlah, ke ma mun gode, domin ba a taɓa ba ki ko sisi a kan tuƙin nan ba.

Da na tambaye shi me zai gaya wa wanda zai gaje shi, cewa ya yi ya riƙa aunawa kullum, ko da jiya ya auna. Malami ne kai ko ungozoma ko mai awon shinkafa, wannan ya ishe ka. Gidansa shi ne na uku daga masallaci, ta ɓangaren ruwa. Ku je ku gaishe shi tun yana iya gane fuska.