Agogon Malam Hashimu

Duk Zakirai an san agogon Malam Hashimu ba ya tafiya tare da na mutane. Kullum yana gaba kaɗan. Masu dogon baki suna cewa tsufa ne. Ƙarya suke! Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran agogo a kasuwar Ɗambatta, shi za a koya wa lokaci?

Ranar da matarsa Larai ta rasu, yana hanya. Ya shigo gida hannunta bai gama hucewa ba. Tun daga ranar, duk agogon da ya shigo gidansa sai ya tura shi gaba. Yakan zauna gindin ɗorawa yana kallon dawa tana kaɗawa, ya ga kamar yana cikin wannan ɗan lokacin da ya ƙara, inda Larai ke shanya kuɓewa tana jiransa.

Bana ƙafa ta kwantar da shi. 'Yarsa Huseina ta dawo daga Kano da kwamfutar kamfanin da take wa aiki, aka yarje mata ta yi aikin daga gida. Sai dai ba ta shiga shafin aikin sai ta VPN, wata ƙofar sirri da waya ke ba ta lambar buɗewa. Ƙofa kuwa ta ƙi. Ta hau soro neman sabis. Wani Ikrima na ofishinsu ya sa ta cire manhajar ta sake sakawa, har yarinya ta rame. Ƙarshe, babu kunya, 'yan ofis suka ce in ƙofar ba ta buɗe ba, ta tattaro ta koma Kano.

Malam yana kan tabarma ya ji muryar Ikrima a waya: "Hajiya, agogon wayarki daidai yake kuwa? In ya goce, lambar ba ta aiki."

Huseina ta juyo a hankali.

"Baba?"

"Kaɗan na taɓa," in ji shi. "Ranar da kika iso."

"Haba Baba! Har waya ba ka bari ba?"

Ya miƙa hannu ta ba shi wayar. Ya daɗe yana duban gona. Sannan ya mayar da lokacin inda na kowa yake.

Kwamfuta ta yi ɗan ƙara, ƙofa ta buɗe.

"To, zauna," ya ce. "Ke dai na riske ki."