Ƙwallo Ɗaya da Na Goge

Haƙorana biyu na gaba a filin ƙwallon Rogo na baro su. Lamba biyar nake buga wa ƙungiyar unguwarmu ta Karaye, masu koriyar riga. Muka tashi sama ni da ɗan wasan gaban Rogo, masu jar riga, shi bai nemi ƙwallo ba, bakina ya nema da gwiwar hannu. Na faɗi ina tofar da jini da ƙasa, ya tsaya a kaina yana dariya, 'yan kallonsu suna ihu wai a ƙara min. Daga ranar ban sake sa takalmin ƙwallo ba, kuma ban yafe ba. Ni mutum ne mai riƙo, har gidanmu an san ni da haka.

Gasar da muke yi a shekarun alif ɗari tara da casa'in da 'yan kai ba wata babba ba ce, ƙungiyoyin ƙauyuka ne daga Karaye zuwa Rogo, wadda ta zo ta ɗaya ta tafi Kano ta wakilce mu. Amma jinin da aka zubar a kanta ya fi ƙarfin kofin. Ba a tashi wasa sai an fasa kan wani. Mai riƙe da tutar gefen fili da gora yake zuwa. Sakataren gasar, wanda yake rubuta teburin maki da alli a wani allo, sau biyu ana yi masa dukan tsiya, kowane ɓangare na cewa yana ƙara wa garinsu maki. A na biyun da allon nasa aka kwaɗa masa a ka, ya rantse da girman Allah ya bar aikin.

A lokacin ina buga takardu a wani ofishin aikin gona. An kawo mana kwamfuta don jera sunayen manoma, ita kaɗai ce a duk yankin da na sani. Babu hoto a cikinta, babu ado, baƙin gilashi ne da wani ɗan ɗigo kore yana ƙifta ido yana jiran umarni. Injiniyan da ya zo daga Kano ya haɗa ta ya bar min littafin da ya rubuta umarnonin da hannu, na haddace su tas. Da shugaban kwamitin gasar, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya ji labari, sai ya zo da kansa.

"An ce wannan abar tana lissafi?"

"Tana yi, ranka ya daɗe."

"'Yar wane gari ce?"

Na yi dariya na ce ba ta da gari.

"To, ita muke nema," in ji shi.

Aikin ba wuya. Duk wasan da aka buga, rafali ya rubuta sakamako a fallen littafin makaranta, ya sa hannu, ya ba direban bas ya kawo min. Ni kuma in shigar da shi a layi guda: sunan masu gida, ƙwallonsu, sunan baƙi, ƙwallonsu, da waƙafi a tsakani. Umarni ɗaya ya tsamo duk layin da sunan ƙungiya ya fito, na biyu ya tara mata maki da ƙwallaye, na uku ya jera ƙungiyoyin daga sama zuwa ƙasa. Ana haɗa umarnonin da wani tsayayyen layi, abin da ya fito daga wannan ya faɗa bakin wancan, kamar injin niƙa. Kafin ka haɗiye yawu tebur ya fito. In buga shi a takarda, a manna a jikin ɗakin tashar mota.

Abin mamaki, faɗa a kan maki ya mutu. A fili ana ci gaba da karya ƙafafu, amma in mutum ya tsaya gaban takardar nan ya ga ƙungiyarsa a ƙasa, sai ya sosa ƙeya ya wuce. Na sha jin ana cewa, "Na'ura ce ta faɗa, ba ta ƙarya." Kaina ya kumbura. Wanda ake tsokana da mai wawulo ya zama Malam mai kwamfuta.

Rafalin da ya fi kowa busa manyan wasanni malamin firamare ne daga wajen Kafin Dafga, dogo siriri, da keke yake zuwa ko'ina. Shi ya koyar da ni a aji uku. Ranar da aka cire min haƙora shi ne ya ba ɗan gaban nan jan kati, ya goge min baki da hankicinsa. Rubutunsa kamar an buga da inji, ba ka taɓa ɗaukar lambarsa ɗaya a matsayin wata.

Makon ƙarshe na gasar ya zo, mu da masu jar riga makinmu ɗaya, sai yawan ƙwallo zai raba. Sun buga wasansu na ƙarshe da wata ƙaramar ƙungiya, Malamin nan nawa ne ya busa. Da hantsi direba ya miƙo min fallen. Uku da ɗaya. Na shigar, na ba da umarni, jar riga ta hau sama da ƙwallo ɗaya tak. Ɗan iskan da ya zubar min da haƙora zai tafi Kano ya buga a babban fili.

Na zauna ina kallon gilashin, harshena yana ta shiga gurbin haƙoran nan. Babu kowa a ofis sai ƙarar janareta. Ba shaiɗan zan ɗora wa ba, da hankalina na yi. Na koma kan layin, na goge uku na sa biyu. Na sake ba da umarni. Ƙwallaye suka zo daidai, kuma dokar kwamiti ta ce in aka yi haka a duba wasan da suka haɗu, wanda mu muka ci. Koriya ta hau sama. Na buga, na kai tasha na manna da hannuna. Fallen Malam kuwa na ninke na tura ƙarƙashin kwamfutar.

Wautata ita ce na manta mutum ɗari nawa suka kalli wasan nan da idonsu. Kafin azahar masu jar riga sun cika bas biyu sun iso, ranar kasuwa ce kuwa. Suka tsaya gaban takardar suna ƙirga da yatsu, suka ga ƙwallo ɗaya ta ɓata. Alhaji ya zo ofis da kyaftin ɗinsu a bayansa, gumi na zuba.

"Ɗan nan, me ka sa a wasan jiya?"

"Abin da aka rubuto, ranka ya daɗe. Biyu da ɗaya."

"Ina takardar?"

"Na yar da ita bayan na shigar."

Na zaci wuyana za su shaƙe, har na fara duba taga. Kyaftin ɗin ko kallona bai yi ba. A wurinsu ni ba kowa ba ne, ɗan aiken na'ura ne, ita kuma ba ta da gari. Ya ce, "To rafali ne ya cinye ƙwallon." Ya juya ya fita. Ina da lokacin da zan kira shi, ƙofar ma bai rufe ba. Ban kira shi ba.

Malam ya shigo kasuwa a ranar sayen gishiri da kananzir. A bakin tasha suka tare shi yana tura kekensa. Na bi bayansu a guje, na iso daidai lokacin da ya ɗaga hannu yana musu sallama. Wani ya amsa masa da gora a kafaɗa. Keken ya faɗi, kwalbar kananzir ta fashe, suka rufe shi. Ina jin muryarsa a ƙasa yana cewa, "Uku na rubuta! Wallahi uku na rubuta!" Suna cewa ƙarya yake, na'ura ta tona shi. Suka ja shi a ƙasa har rigarsa ta rabu biyu, wani yana dukan haƙarƙarinsa da sarƙar babur. Sannan wannan ɗan gaban, shi dai, ya take masa tsintsiyar hannun dama da ƙafa, ya ɗauki dutsen da ake tare tayar mota da shi, ya ce hannun da ya rubuta shi za a hukunta. Sau biyu ya sauke. Ƙarar ba ta da ƙarfi, kamar an taka busasshen kara, amma har yau ina jin ta.

Yaranmu masu koriya suka ɗebo itacen masu tsire suka shigo, ba don Malam ba, don dai faɗa. Kasuwa ta watse, mata na ihu, buhunan barkono a ƙasa, an fasa gilashin bas ɗaya, wani mai kayan miya da bai san hawa ba bai san sauka ba aka tsaga masa goshi. Ni ina tsaye jikin ɗakin tasha, takardata a manne saman kaina, ina kallo. Mahauta ne suka fito da wuƙaƙe a hannu suka janye Malam. Kwamiti ya soke gasar, ba wanda ya je Kano.

Ban je duba shi ba. Na ji an kai shi wurin mai ɗori, an ce yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasa ba. Kullum in ce gobe zan je in faɗa masa, gobe ta yi in ga ba zan iya ba. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Bayan kamar wata biyu ya yi sallama a ƙofar ofis. Ya rame, hannun a rataye da ƙyalle a wuya. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Ɗana, nuna min wurin da wasan nan yake a ciki."

Na ba da umarni, layin ya fito shi kaɗai a baƙin gilashin. Ya sunkuya ya kusanto da fuskarsa. Fallen takardarsa yana ƙarƙashin kwamfutar, bai kai taƙi ɗaya daga hannunsa mai lafiya ba. Ya daɗe yana kallon biyun nan.

"Ikon Allah," ya ce. "Na yi ta rantsuwa uku na rubuta. Ashe tsufa ya kama ni ban sani ba." Ya miƙe, ya dafa kafaɗata da hagu. "Na jawo maka tashin hankali a wurin aikinka. Ka yafe ni."

Bakina ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Malam."

Ya yi shekaru yana rubutu a allon aji da hannun hagu, yara suna dariyar karkatattun lambobinsa, bai sake riƙe usur ba. Ranar da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, an jefar da ita. Fallen yana cikin akwatina, ya yi ja, ninkin ya kusa cinye shi, amma ukun tana nan sarai, irin wadda ya koya mana a aji uku.