Ni Na Yi Masa Wanka, Na Ce wa Yayansa Yana Nan Lafiya

Edita, a ƙarshen shekarun casa'in ni ma'aikacin sito ne a wata hukumar ƙasa da ƙasa da aka ba riƙon wata ƙasa bayan yaƙi, kafin mutanenta su kafa gwamnatinsu. Shekaruna talatin da 'yan kai, ina ji da kaina, ko masallaci zan shiga katin aiki na rataye a wuyana. Ranar da aka ɗauke mu an sa mun rattaba hannu a wata takarda, cewa duk abin da ya faru a bakin aiki ba za mu faɗa wa kowa ba, ɗan jarida ne ko ɗan uwa, sai ofis ya sanar da kansa. Wanda ya saɓa kora ce. Ko gama karantawa ban yi ba na sa hannu.

Mu biyu ne Hausawa a sashenmu, ni da wani direba ɗan Kano, kwano ɗaya muke ci. Wata rana aka tura shi kai kaya ta hanyar da manya suka san tun safe ba lafiya, ba wanda ya tuna ya gaya masa. Gawarsa aka dawo da ita. Ni na yi masa wanka, muka sallace shi da wasu sojoji Musulmi, muka binne shi a can. Washegari shugabanmu ya tara mu ya ce ana bincike, ofis ne zai sanar da iyalinsa, kada wanda ya kuskura ya riga shi.

Bayan wata biyu na sami hutu, na biyo ta birnin Guangzhou na ƙasar Sin don in saro wa matata kayan shago. Na sauka a unguwar Sanyuanli. Ranar Juma'a bayan an idar da salla a masallacin Huaisheng, 'yan kasuwarmu suka tsaya gaisawa, aka tambaye ni daga ina. Bakina da son burga, na faɗi inda nake aiki. Nan take wani Alhaji mai furfura ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ai ƙaninsa can yake tuƙi. Da ya faɗi sunan, ashe direban nan ne da na yi wa wanka. Ya ce wata biyu ke nan ba wasiƙa ba waya, Hajiyarsu tana kwance ba lafiya, kullum maganarta ke nan, matar ƙanin kuma kullum tana sauraren sallama.

Allah ya sani na buɗe baki zan faɗa. Sai na tuna takardar, na tuna albashin, na tuna ginin da na fara a gida. Na ce masa yana nan lafiya, an kai shi wani ƙauye ne da babu waya. Alhaji ya yi hamdala har da ƙwalla. Kwana huɗu bawan Allahn nan ya ajiye harkokinsa yana yawo da ni shagunan titin Liuhua, yana yi mini ciniki da ɗan Sinancin da ya iya, yana ce wa masu shago ni ƙaninsa ne. Ya kai ni inda ake sayar da abincin halal ya hana ni biya. Ranar da zan tafi ya ba ni kaset da Hajiya ta yi magana a ciki, wanda ya daɗe yana neman mai kaiwa, da rigar sanyi sabuwa, ya ce in miƙa wa ƙanin nasa hannu da hannu. Na karɓa, har na ce in Allah ya yarda.

Sai da aka ƙara wata biyar ofis ya ga dama ya aika wa iyalin. Binciken kuwa bai kama kowa ba, wanda ya yi sakacin ma ƙarin girma aka yi masa. Kafin wasiƙar ta isa Kano Hajiya ta rasu, tana ta sa wa ɗanta albarka tana cewa a gaya masa ya zo ta gan shi. Matarsa ta yi wata bakwai tana ƙunshi da kitso, ba ta san takaba ta hau kanta ba. Kuma don su kwantar wa iyalin hankali, sai suka rubuta a wasiƙar cewa an yi masa sutura irin ta Musulunci, suka sa sunan wanda ya yi wankan. Sirrin da na sayar da mutuncina don in riƙe musu, su suka tona ni da shi a layi ɗaya.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Dokar nan ba don mamaci aka yi ta ba, ba don uwarsa ba, an yi ta ne don manya su sami lokacin gyara takardunsu. Amma ba zan ɗora musu duka ba. Takardar ta ce in yi shiru, ba ta ce in yi ƙarya ba. Da na ce wa Alhaji an hana ni magana, ya je ya matsa wa ofis, dattijo ne, da ya gane. Tsoron rasa aiki ne ya sa na ƙara da nawa, aikin da ko shekara biyu bai yi ba aka naɗe shi aka sallame mu.

Ina kira ga duk mai shiga irin wannan aiki, ka karanta abin da za ka sa wa hannu, ka kuma yanke tun ranar inda shirunka zai tsaya. Labarin mutuwa haƙƙin iyali ne, ba kayan ofis ba. Da na dawo gida na je har Kano na durƙusa gaban Alhaji. Bai zage ni ba. Ya yi mini godiyar wankan, ya ce nasa haƙƙin ya yafe duniya da lahira, amma na Hajiya ba shi da ikon yafewa, sai in jira in mun haɗu da ita.